Siena da ƙauyukanta: motar haya ko bas?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan gida. Ina neman shawarar waɗanda suka san Italiya. In Allah ya kai mu hutun Agusta za mu je Firenze wurin ƙanin maigidana da ke karatu a can, mu da yara biyu da Hajiya, mahaifiyar Abban Ilham. Shi maigidan dai ya kafe sai mun ɗauki motar haya mun je Siena mun kwana, daga nan mu zaga ƙauyukan nan da ake gani a hoto, masu tuddai da dogayen itatuwa a jere. Ni kuma ƙanin nasa ya tsorata ni, wai da wuya baƙo ya shiga garin da mota ya fito ba a ci shi tara ba. Ga Hajiya gwiwa tana damunta. Don Allah wanda ya san wurin ya faɗa mana gaskiya.

Alhaji Mai Takalma: Wa alaikumus salam. Hajiya, ku bi bas ku huta. Tsakanin Firenze da Siena kilomita 70 ne da 'yan kai. Akwai bas mai lamba 131R da ke tashi kusa da babbar tashar jirgin ƙasa ta Santa Maria Novella, cikin awa ɗaya da kwata ya sauke ku a Piazza Gramsci, a saman tudun, a bakin tsohon gari. Kada ku bi jirgin ƙasa: ya fi ɗaukar lokaci, kuma tashar Siena tana can gindin tudu, sai an sake hawa. Ni sarin takalma ke kai ni ƙasar, kuma ban ga ranar da zan riƙe sitiyari a cikinta ba. Wani abokin kasuwancina ya yi wannan ganganci, ya dawo gida har ya manta, sai ga takardun tara suna biyo shi ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan Damagaram: Alhaji, Allah ya ƙara arziki, amma rabin magana ka faɗa. Ni tuƙi ne sana'ata a ƙasar nan, kaya nake rabawa. Abin da ya kama abokinka sunansa ZTL, wato yankin da aka taƙaita shigar motoci. Alamar ba ɓoye take ba: farin allo mai da'ira, an zagaye ta da ja, tsakiya babu komai, sau da yawa da kyamara a samanta. Ba shinge, ba ɗan sanda, ba wanda zai ɗaga maka hannu. Ka wuce lafiya, kyamara ta ɗauki lambarka. Kuma kowace shiga tararta daban: ka shiga, ka ɓata, ka fita, ka sake shigowa ta wata ƙofa, biyu ke nan. Ita tarar ta haura Yuro 80, kamfanin hayar kuma zai cire nasa kuɗin daga katinka na wahalar miƙa sunanka ga hukuma. Wanda ke zaune a wata ƙasa, doka ta ba su har kwana 360 su aika masa, shi ya sa takardar ke zuwa bayan an manta. Duk wannan gaskiya ne. To amma wa ya ce a shiga da mota? A waje ake ajiye ta.

Alhaji Mai Takalma: To in a waje za a ajiye ta ana biyan kuɗin fakin da kuɗin haya tana barci, amfanin me ta yi?

Ɗan Damagaram: Amfaninta na ƙauye ne, Alhaji. Bas zai kai ka Siena, ba zai tsaya maka a kan tudu don yara su ɗauki hoto ba. Ƙananan garuruwan kudu bas ɗinsu jefi-jefi ne, ran Lahadi kuma ya ƙara ƙaranci.

Binta Siena: Sannunku. Ni a garin nake zaune, ina karatu a jami'ar da ke koyar da baƙi harshen Italiyanci, don haka bari in sa baki. Anti Maman Ilham, tambaya ta farko: wane kwanan wata a Agusta? Saboda 16 ga wata ake Palio, sukuwar dawakin da ake yi a tsakiyar gari, kuma tun 13 ga wata garin ya fara rikicewa. Ga 15 ga wata ranar hutun Ferragosto ce a duk ƙasar, ofisoshi da shaguna da yawa a rufe. In kwanakinku suka faɗa nan, lissafin duk ya canza, har da kuɗin masauki.

Maman Ilham: Kai, ai kuwa tsakiyar watan muka sa rai, ƙanwata. Ba mu ma san da wannan ba.

Ɗan Zongo Kumasi: Dakata, dakata. Dawaki a tsakiyar gari? Wato Turawa ma suna hawan Sallah? Ni nan ne maganar ta fara yi mini daɗi.

Binta Siena: Yaya Ɗan Zongo, ado da ganguna da tutoci da jerin gwano kafin a fara, nan za ka ga kamar hawan Sallah. Daga nan kamannin ya ƙare, don babu sarkin da ake kai wa gaisuwa, faɗa ne tsakanin unguwanni. Garin yana da unguwanni 17, suna ce musu contrada, kowace da tutarta da cocinta da dabbar da take taƙama da ita: akwai Mikiya, Kunkuru, Katantanwa, Mujiya, Raƙumin Dawa, Beguwa mai ƙaya, har da Tsutsa. Goma ne ke shiga kowace sukuwa, sau biyu a shekara, 2 ga Yuli da 16 ga Agusta. Doki ba zaɓa ake yi ba, ƙuri'a ce ke ba unguwa nata. A zuba ƙasa a kan duwatsun Piazza del Campo, babban dandalin tsakiyar gari, mahaya su hau ba sirdi, zagaye uku, cikin kamar minti ɗaya da rabi an gama. In mahayi ya faɗi dokin ya ƙarasa shi kaɗai a gaba, unguwarsa ta ci. Ranar sukuwar har cikin cocin unguwa ake shigar da dokin a sa masa albarka. Kuma ba wasan 'yan yawon buɗe ido ba ne, da gaske suke: dattijo mai furfura zai zauna a ƙasa yana kuka don abokiyar gabar unguwarsu ta ci.

Ɗan Zongo Kumasi: Tsutsa! Mutum da girmansa ya ce shi ɗan Tsutsa ne, har ya yi kuka a kai. Allah mai iko.

Binta Siena: Amma Anti, ranar ba ta Hajiya da yara ba ce. Tsakiyar dandalin kyauta ne, sai dai za a rufe ku a ciki a tsaye awanni, cikin rana da cunkoso, ba wurin zama ba banɗaki. Kujerun gefe da tagogin gidaje kuwa kuɗinsu ba na wasa ba ne. In ana son yara su ga dawakin, akwai gwajin da ake yi da safe wajen ƙarfe tara a kwanakin da ke gabanta, mutane ba su kai yawan na yamma ba. Ni dai da za ku iya matsawa zuwa bayan 17 ga wata, ya fi. Har ma ku dace da lokacin da ake yaye daɓen babban cocin, wanda aka yi da zanen marmara kashi 56, yawancin shekara a lulluɓe yake, a shekarun nan ana buɗe shi 'yan kwanaki bayan Palio na Agusta zuwa Oktoba.

Malam Habu Zariya: Assalamu alaikum. Na ga ana ta maganar tara da fakin, ba wanda ya faɗa wa baiwar Allah dalilin da ya sa garin ya ƙi mota. Ba mugunta ba ce ta hukuma, garin ne aka gina shi kafin a san da ita, sannan ya tsaya cak.

Siena a kan ƙugun tuddai uku take, sama da mita 300 daga teku, shi ya sa har yau aka kasa ta uku: Città, San Martino da Camollia. Ba ta da kogi. Ruwanta ta ramukan ƙarƙashin ƙasa aka janyo shi, bottini, tsawonsu ya kai kilomita 25, su ke ciyar da maɓuɓɓugai irin su Fontebranda da Fonte Gaia. To me ya arzuta gari marar kogi? Hanya. Via Francigena, hanyar masu ziyara da fatake daga arewacin Turai zuwa Roma, ta tsakiyarta ta ratsa. Daga nan aka samu masu canji da masu ba da rance har ga fadar Fafaroma, aka samu asibitin Santa Maria della Scala da ke fuskantar babban coci, wanda ke karɓar matafiya da marayu. A 1260 Siena ta karya rundunar Firenze a Montaperti, kuma har gobe ba su daina tuna wa mutanen Firenze ba.

Zamanin da ya ba garin fuskarsa shi ne na Majalisar Mutum Tara, attajirai da suka yi mulki daga 1287 zuwa 1355. Su suka fara gina Palazzo Pubblico a 1297, su suka shimfiɗa Piazza del Campo, kuma in kun tsaya a dandalin ku ƙirga, daɓen jan bulon kashi tara aka raba shi. Hasumiyar Mangia, mai kimanin mita 88, a zamaninsu ta tashi. A 1339 suka ƙudurta faɗaɗa babban cocin ta yadda wanda ake da shi zai zama reshe kawai na sabon. Sai annobar 1348 ta sauka, ta kwashe jama'a masu ɗimbin yawa, ga ginin ma ya fara nuna rauni, aka watsar da aikin. Katafaren bangon da aka fara yana nan tsaye ba rufi, Facciatone, ana hawa a hango gari. A 1555 garin ya faɗi bayan doguwar ƙawanya, bayan shekara biyu aka miƙa shi ga Cosimo na gidan Medici, mai mulkin Firenze. Daga nan ba a sake samun ƙarfin rushe tsoho a gina sabo ba. Rashin ƙarfin nan shi ya adana musu lungunan da yanzu duniya ke biyan kuɗi ta gani. A tsakiyar shekarun 1960 suka hana motoci tsakiyar gari, suna cikin na farko a Italiya, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1995.

Ɗan Zongo Kumasi: Malam, mun biya kuɗin makaranta ne ko kyauta ce?

Malam Habu Zariya: Kyauta ce, ɗan samari, kuma ban gama ba. Abin da nake so Abban Ilham ya yi kafin ya kunna mota: ya shiga Palazzo Pubblico, ɗakin da mutum taran nan ke zama. A bangonsa Ambrogio Lorenzetti ya yi zane a 1338 zuwa 1339 kan kyakkyawan mulki da mummuna. A ɓangaren kyakkyawan, rabi birni ne, magina a kan gini, malami da ɗalibai, mai takalma a shagonsa. Sai ganuwa da ƙofa. Ɗaya rabin karkara ce, tuddai da gonakin alkama da inabi, manoma na shigo da kaya a kan jakuna, masu hali na fita farauta. Mai zanen bai raba su ba, ƙofar a buɗe take ana shiga ana fita. Tuddan da za ku bi da mota su ne waɗannan, kusan yadda ya zana su. Wanda ya ga birnin bai ga karkarar ba, rabin bangon ya gani. Shi ya sa ban goyi bayan Alhaji ba.

Alhaji Mai Takalma: Na ji an ambaci mai takalma a shagonsa, to shi ne mai hankalin cikin zanen, yana zaune bai hau komai ba.

Binta Siena: Malam ya yi gaskiya, sai dai ku duba kafin ku je, an yi ta aikin gyara a ɗakin a 'yan shekarun nan, wani lokaci a rufe yake. Hasumiyar kuma matakala kusan 400 ce, matsattsiya, ba lif. Abba da yara su hau, Hajiya ta zauna a inuwa a gefen dandalin.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri, Malam. To yanzu in mun zo da motar, ina za mu ajiye ta yadda Hajiya ba za ta sha hawa ba?

Ɗan Damagaram: Hajiya, ki ce wa maigida kada ya rubuta Siena kawai a taswirar waya, don ita ba ruwanta da kyamara, tsakiyar gari za ta nufa da shi. Ya rubuta sunan wurin fakin. Parcheggio Santa Caterina yana gindin tudu ta wajen Fontebranda, daga nan akwai matakalar lantarki da ke hawa da mutum har kusa da babban coci. Parcheggio San Francesco shi ma da tasa matakalar. Na Fortezza da filin ƙwallo yana saman tudu, tafiyarsa ba hawa sosai, amma ran Laraba kasuwa ke ci a wurin, a kauce masa. A bakin titi kuma a duba launin layi: shuɗi na biya ne, fari kyauta, rawaya na masu izini ne, kada a taɓa. In masaukinku cikin ganuwa yake, ku kira su tun kafin ku iso, su faɗa muku ƙofar da za ku bi, su shigar da lambar motar don a sauke kaya. Ba a baki kawai ba, su rubuto.

Binta Siena: Ƙari a kai, tasi yana da izinin shiga, akwai kuma ƙananan bas da ake kira Pollicino masu ratsa lunguna. Ni da Hajiyata ce, tasi zan ɗaukar mata daga fakin zuwa masauki in huta da fargaba. Daga Campo zuwa babban coci ba nisa, amma hawa ne, a bi a hankali. Kuma a rufe kafaɗa da gwiwa in za a shiga, wannan ba zai dame ku ba.

Injiniya Sada: Ni tambayata ta takardu ce, don nan mutanenmu ke faɗuwa tun a kan teburin kamfanin haya. Lasisin Najeriya shi kaɗai ba ya wadatarwa, sai an haɗa da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, ko fassarar da hukuma ta amince da ita, kuma tun daga gida ake yinsa. Sannan galibinsu katin kiredit suke nema da sunan direban don riƙe kuɗin jingina. Motocin kuma yawanci manuwal ne, otomatik sai an yi oda da wuri kuma ta fi tsada. Abban Ilham ya saba da kuloci? Don tashi daga tsaye a kan gangare, da wata mota manne a bayanka, ba wurin koyo ba ne.

Ɗan Damagaram: Injiniya ya taɓo inda ke ciwo. Kuma kada a ce ƙanin zai karɓi tuƙin: wanda ya shekara da takardar zama a Italiya, permi ɗinsa na gida, wato lasisin tuƙinsa, ya daina aiki a nan. Wani abu kuma, ku nawa ne? In ƙanin zai biyo ku kun zama shida, sai mota mai kujera bakwai, ita kuwa a lungunan ƙauye da fakin na ƙarƙashin ƙasa azaba ce, ga wurin kaya kaɗan. Yaron da bai kai santimita 150 ba sai da kujerarsa ta musamman, a nema tare da motar.

Maman Ilham: Mu shida ne kam. Manuwal kuma ya iya, da ita ya fara.

Alhaji Mai Takalma: Kun ji ko? Lasisi biyu, kati, kujerar yara, babbar mota, kyamara. Duk don a je a ga me? Gonakin inabin da ake matsa a yi giya. Chianti giya, Montalcino giya, Montepulciano giya. Musulmi da iyalinsa da tsohuwa, me ya kai shi?

Binta Siena: Haba Baba Alhaji. In ta Chianti suka bi, tsakanin Firenze da Siena, nan kam inabi ne da daji, kuma hanyar, SR222, lanƙwasa ce a kan lanƙwasa, yara za su yi amai. Ban ba su shawararta ba. Daga Firenze su bi babban titin da ke zuwa Siena kai tsaye, ba a biyan kuɗin hanya a kansa. Hotunan da Abba ke gani kudu da Siena suke, kuma ƙasar alkama ce da tumaki da zaitun. A fita ta hanyar Asciano, SP438, cikin yankin Crete Senesi: tuddan yumɓu ne tsirara, toka-toka, gida ɗaya a kan kowane tudu da layin itatuwan cipresso zuwa ƙofarsa. Daga Asciano a gangara Monte Oliveto Maggiore, gidan sufayen Kirista na jan bulo a cikin kurmi, tun ƙarni na 14. Sai Buonconvento, ƙaramin gari mai ganuwa a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, Hajiya za ta taka shi ba wahala. Daga nan Via Cassia zuwa San Quirico d'Orcia, a leƙa Bagno Vignoni inda dandalin garin kansa tafkin ruwan zafi ne mai fitowa daga ƙasa, ba a wanka a cikinsa, kallo ne kawai. Sannan SP146 zuwa Pienza. Wannan ɗan tsakanin, San Quirico zuwa Pienza, bai fi kilomita goma ba, kuma shi ne hoton da ke kan kowace kalanda.

Sai dai in faɗa muku tun yanzu don kada Abba ya ce an cuce shi: koren nan na hoto na Afrilu da Mayu ne. A Agusta an riga an girbe alkama, tuddan ruwan ƙasa ne da ruwan zinariya, wasu an kafce su. Da kyaunsa, amma daban. Zafi kuma na gaske ne, ku fita da sassafe, ku ɓuya da azahar, ku sake fita bayan la'asar.

Malam Habu Zariya: Pienza ta cancanci a tsaya. Ƙauye ne da ake kira Corsignano, a nan aka haifi Enea Silvio Piccolomini, wanda ya zama Fafaroma Pius na biyu a 1458. Ya sa magini Bernardo Rossellino ya sake masa tsakiyar ƙauyen tsakanin 1459 da 1462, ya kuma laƙaba masa sunansa. Gidajen nan ɗai-ɗai da Binta ta ambata kuwa, ba don ado aka warwatsa su ba. Tsarin mezzadria ne: mai ƙasa yana birni, ya ba iyali gona da gida, a raba amfani biyu. Ɗaruruwan shekaru ana haka. Bayan yaƙin duniya na biyu matasa suka gudu masana'antu, a 1964 doka ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniya irin wannan, gidaje suka zama kufai. Makiyaya daga tsibirin Sardiniya suka zo da tumakinsu suka sayi ƙasar da araha, kuma da yawa daga cukun pecorino da Pienza ke taƙama da shi daga hannun zuriyarsu yake fitowa. Sauran gidajen su ne aka mayar masaukin baƙi, agriturismo.

Ɗan Damagaram: Kuma masu tsinkar inabin da zaitun a yau, da yawansu baƙi ne, har da 'yan uwanmu na Afirka. Wannan ba ya fitowa a kalanda. Binta, na yarda da hanyarki, amma ki bar Montepulciano a ciki mana, tana gaba kaɗan.

Binta Siena: Da gangan na cire ta, Yaya. Daga ƙofar gari zuwa babban dandali hawa ne tsantsa. Pienza kuwa babban titinta a miƙe yake, ga bango mai kallon kwarin Orcia har zuwa dutsen Amiata. Gari biyu ko uku a yini ya isa. Masu cusa shida, mota kawai suke gani da fakin.

Hajiya Turai Landan: Ni abinci nake jira a taɓo. Toskana, wato yankin su Firenze da Siena, ƙasar alade ce, kada a yi wasa. Ku haddace waɗannan a takardar abinci: maiale, prosciutto, pancetta, guanciale, lardo, salsiccia, finocchiona, cinta senese, duk shi ne. Cinghiale aladen daji ne, kuma miyarsa ce suka fi alfahari da ita. Strutto kitsensa ne, yana shiga wasu burodi da kayan fulawa, a tambaya. Ragù, miyar naman da ake zubawa a taliya, sau da yawa gauraye ne, ga giya a cikin girkin. Abin da za ku ci hankali kwance: pici all'aglione, taliya ce mai kauri da ake murzawa da hannu, da tumatir da tafarnuwa, pappa al pomodoro, panzanella, wake da man zaitun, cuku da zuma. Ribollita miyar ganye da wake da burodi ce, amma a tambaya ko an sa nama. Burodinsu ba gishiri, kada ku zaci mantawa aka yi. Tsaraba kuma panforte da ricciarelli. In an kawo biskit ɗin cantucci da ɗan kofi a gefe, abin cikin kofin vin santo ne, giya ce.

Malam Habu Zariya: Aladen cinta senese ma yana cikin zanen Lorenzetti, baƙi mai farin ɗamara, ana kora shi zuwa birni.

Hajiya Turai Landan: To Malam, a bar shi a bangon. Wani abu kuma, gidajen abinci suna rufe kicin wajen biyu da rabi, ba sa buɗewa sai bakwai da rabi na yamma. Mai yara ya riƙe guzuri a mota. Coperto da za ku gani a takardar kuɗi ba cuta ba ce, kuɗin zama ne na kowane kai.

Maman Ilham: Masallaci fa? Abban Ilham ba ya son Juma'a ta wuce shi ko a tafiya.

Ɗan Damagaram: Akwai ginannen masallaci a Colle di Val d'Elsa, an buɗe shi a 2013, bai kai tafiyar rabin awa daga Siena ba ta hanyar Firenze. Kuma ya zo daidai: Monteriggioni na kan hanyar, ƙauye ne cikin zagayayyiyar ganuwa mai hasumiya 14 da Siena ta gina a farkon ƙarni na 13 don tsaron iyakarta da Firenze. San Gimignano na gaba da Colle kaɗan. Ka ga Alhaji, ga inda mota ta yi rana: Juma'a da garuruwa biyu a yini guda.

Alhaji Mai Takalma: Wannan kam na ba ka. Amma San Gimignano a Agusta, mutum ba ya ganin ƙafarsa don jama'a.

Injiniya Sada: Haka ne, sai dai hasumiyoyin nan 14 da suka rage cikin 72 daga nesa ma sun fi kyau, ana hango su tun daga hanya. In an isa bayan biyar na yamma manyan bas sun fara janyewa.

Binta Siena: Wannan ma shi ne dalilin da ya sa nake cewa ko da dare ɗaya ne ku kwana cikin ganuwar Siena. Da rana garin na baƙi ne, da magariba masu shi ke fitowa, yara na guje-guje a Campo, tsofaffi na zagaye a titin Banchi di Sopra. Shawarata: ku zo da bas ɗin Baba Alhaji, ku gama da birni da ƙafa, sannan ku karɓi mota ku koma agriturismo a wajen Asciano ko Pienza inda fakin kyauta ne kuma akwai kicin.

Ɗan Damagaram: A takarda ya yi kyau, ƙanwata, amma ofisoshin haya a Siena kaɗan ne, suna rufewa da rana da kuma Lahadi, kuma mai kujera bakwai a Agusta ba lallai a samu ba. Ni filin jirgin saman Firenze zan ce, taragon T2, jirgin ƙasan cikin gari, na kai mutum can daga tsakiyar gari, ka karɓi mota ka hau babban titi ba tare da ka kusanci kyamarorin Firenze ba, waɗanda suka fi na Siena cizo. Kuɗin fakin na dare ɗaya ko biyu bai kai wahalar jan akwatuna da tsohuwa a tashar bas ba.

Binta Siena: In sun samu mota a Siena tawa ta fi araha.

Ɗan Damagaram: In sun samu. Su bincika duka biyun yau, ba gobe ba. Kuma ko a ina aka karɓa, a karanta takardar inshora kan hanyar burji. Yankin cike yake da strade bianche, fararen hanyoyin tsakuwa, har tseren keke ake yi a kansu duk Maris a ƙare a Campo, kuma yawancin gidajen gona ta kansu ake shiga. Kamfanoni da yawa ba sa biyan taya da ƙarƙashin mota. A ɗauki bidiyon motar kafin a tashi. Gudu a awa: kilomita 50 a gari, 90 a ƙananan hanyoyi, 130 a autostrada, manyan titunan da ake biyan kuɗi, kuma akwatunan autovelox na bakin ƙauyuka, masu kyamarar auna gudu, ba ado ba ne. Fitila a kunne ko da rana in an fita gari. Da dare a rage gudu, aladen daji da barewa na tsallaka titi. A gidan mai, benzina fetur ne, gasolio dizal, famfon da aka rubuta servito ya fi tsada don ma'aikaci ne ke zuba maka. In hanya ta kai ku autostrada, a wurin biyan kuɗin hanya kada ku shiga layin rawaya na Telepass, na masu na'urar biya ne, ku bi fari na kuɗi ko shuɗi na kati.

Ɗan Zongo Kumasi: Ni duk wannan bai dame ni ba. Binta, baƙo zai iya zaɓar unguwa? Raƙumin Dawa nake so, ɗan gida ne.

Binta Siena: Gyalensu kam za ka saya ka ɗaura, ja da fari ne, ba mai hana ka. Zama ɗan unguwa kuwa yawanci haihuwa ce ke ba da shi, har wani bikin shigarwa suke yi wa jarirai a maɓuɓɓugar unguwar. Kuma kafin ka ɗaura kowane gyale a kwanakin Palio ka tambayi wace unguwa kake takawa, don Kunkuru da Katantanwa maƙwabta ne kuma ba sa ga maciji.